Yadda Na Tsinka Kurkunun Maigidana

Ni ce Yalwa, ta Matameye. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, bakina nake bai wa Saratu, matar ɗana, tana zubawa a takarda, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana zan ji in an karanta. Abin da ya zaunar da ni shi ne, bana da damina na ga wata mata a ƙofar gidanta tana jan kurkunun mijinta kamar mai zare igiyar guga. Na yi mata magana, ta dube ni kallon tsohuwa mai shiga abin da babu ruwanta. To, bari in faɗa a rubuta, mai kunne ya ji.

Lokacin da nake magana, Nasara ba su daɗe da zama daram a ƙasar nan ba. Kwamanda sai dai mu ji labarinsa, mu ga dogaran sarkin Kance sun zo karɓar lanho, wato haraji. Matameye tana 'yar ƙarama, duk wanda ya yi atishawa a gabas, na yamma ya ce masa sannu. Fadama cike da rake, tabkuna ba sa ƙafewa sai rani ya yi nisa, kuma daga nan muke sha, mu da shanu. Ruwan da daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Maigidana, mutane suna ce masa Ɗankuza. Sunansa na yanka ba zai fita bakina ba, ko yanzu da ya daɗe a kwance. Ya tafi cin rani ƙasar kuza, can Jos, ya yi shekara biyu, ya dawo da bargo, da fitila, da ɗan littafi, da kuma hanyar Almasihu. Gari ya ɗauka. Danginmu suka aiko cewa in kwashe ƙoraina in dawo gida. Da sun lallashe ni, mai yiwuwa da na tafi. Umarni suka ba ni, ni kuwa tun ina goye ba a ba ni umarni. Na ce inda ya sa ƙafa nan zan sa tawa. Gaskiya ita ce, da taurin kai na fara bin Almasihu, zuciya sai daga baya ta biyo, kuma a hankali ta taho.

Ran Lahadi mukan zauna gindin tsamiyar gidanmu, ni da shi da yara biyu, yana bin littafin da yatsa yana karantawa, kalma ɗaya ya tsaya, kalma biyu ya tsaya. Ya koya mana addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa. Akwai wuri a cikinta da ake roƙon a yafe mana kamar yadda muke yafe wa masu yi mana laifi. In an zo nan, sai tari ya kama ni. Kullum a daidai nan. In sun wuce, tarin ya lafa, in ci gaba da su. Wata rana maigidana ya ce, "Yalwa, wannan tari naki ya san karatu."

Dalilin tarin kuwa Tabawa ce. Ƙawata ce tun muna yara, tare aka huda mana kunne, tare muka yi gaɗa, aka kuma kawo mu aure gidaje biyu da danga ɗaya ce tsakaninsu. Bayan maigidana ya dawo da wata biyar ta haihu, na tafi suna da gudummawata kamar yadda aka saba. Ta miƙo mini fura a ƙoƙo, na sha, na miƙa mata. Sai ta ɗebi toka ta wanke ƙoƙon a gabana, a gaban mata. Sau uku ta wanke. Na ƙirga. Na tashi na yafa zanena na fita, kuma daga ranar shekara bakwai ban ce mata ina kwana ba. Ina jin dakanta, tana jin nawa. In kazarta ta tsallako, in kora ta ba tare da na ambaci mai ita ba.

Tabawar nan kuwa ita ce mai hannun kurkunu a garinmu. Ta gada wurin uwarta. Daga Tsauni da Ɗan Barto ana ɗauko mutane a kan jaki a kawo mata.

A damina ta bakwai, an gama shuka, gero ya fito tsawon yatsa, sai maigidana ya fara sosa idon sawunsa na dama. Kwana biyu yana cewa kamar an ɗora masa garwashi. Zazzaɓi ya zo, da amai, da jiri. Rana ta uku wani ƙurji mai ruwa ya taso, ya tsoma ƙafar a ƙwaryar ruwa don ya ji sanyi, ƙurjin ya fashe, sai ga ɗan farin kai ya leƙo kamar zaren abawa.

Ya ce, "Ki leƙa danga ki kira Tabawa."

Na ce, "Tabawa da hannu huɗu aka haife ta? Na ga ana yi tun ina yarinya."

"Gani daban, Yalwa."

"In na kira ta, kafin azahar gari ya ji cewa Allahn Ɗankuza ya kasa tsare masa ƙafa."

Ya ce, "Limamin gari ma bara ya yi kurkunu." Na yi kamar ban ji ba. Na shigar da shi ɗaki, na saki asabari, wanda ya tambaya in ce ya tafi gonar nesa.

Mako na farko na yi abin kirki, ba zan rage wa kaina ba. Na samo tsinken kara mai santsi, na kama kan na naɗe, kowace safiya in juya sau ɗaya ko sau biyu, in ɗaure da ƙyalle. Amma lokacin noman farko ne. Da asuba ina jin maza suna wucewa da hauya a kafaɗa, da rana in je gonarmu in ga ciyawa ta fi gero kai. Ni kaɗai na gwada, kwana uku ina noma, na waiwaya na ga abin da na yi bai fi tabarma huɗu ba. Wanda bai yi noman farko ba, ya san abin da zai ci da rani.

Rana ta tara an kwana ana ruwa. Na kwance ƙyallen, na juya sau ɗaya, ya biyo. Na juya na biyu, ya biyo. Abin da ke kan tsinken ya kai kamu guda. Na juya na uku, na ji ya yi tauri.

Maigidana ya ce, "Ya isa na yau."

Na ce, "Saura kaɗan, ina jin wutsiyarsa."

Ban ji wutsiyar komai ba. Gona nake gani. Na ja. Ko ƙara bai yi ba. Sai na ga tsinken a hannuna da farin zare yana reto, sauran kuma ya shige cikin nama ina kallo. Maigidana ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya ce, "To." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Mako na biyu bai ƙare ba ƙafar ta zama turmi. Fata ta yi sheƙi, ta yi zafi kamar tukunya a murhu. Ɓoyo ya ƙare, don nishinsa yana fita waje. Yayansa Mati ya zo, ya tsaya a ƙofar ɗaki bai shiga ba.

Ya ce, "Ga abin da muke faɗa. Ka sha rubutu, ka koma inda ubanmu ya bar ka, ka ga in ƙafar nan ba ta sace ba."

Maigidana ya ce, "Yaya, na gode da zuwa. Ku zauna mana, rana ta yi."

Bai zauna ba. Amma shi ne ya kawo wanzami washegari. Aka sa ƙarfe a wuta ya yi ja, aka yi masa sakiya. Ruwan da ya fita ya cika ƙoƙo, warin kuma har yau in na tuna sai in tofar da yawu. Ya samu sauƙi kwana biyu, sannan kumburin ya haura gwiwa. Shawara kuwa ba irin wadda ban ji ba. Gwaggonsa ta ce a ɗaura ganyen tumfafiya da aka gasa. Wata ta ce kashin shanu mai ɗumi. Wata ta ce ai jifa ne, a je Kance wurin wani mai duba. Na ɗaura tumfafiyar, ban ɓoye wa kowa ba. Tabawa tana bayan danga tana jin komai. Wata safiya na tarar da ɗan ƙoƙon man shanu a kan dangar. Na san na wane ne, na san kuma abin da yake nufi. Na bar shi nan har rana ta narkar da shi.

A mako na huɗu ya daina gane yara in zazzaɓi ya tashi. Na sayar da akuyata mai ciki, na ɗauki hayar takarkari, na kai yara gidan Yaya Mati. Kwana uku muka yi a hanyar Damagaram, ina riƙe da igiya, maigidana yana kwance a kan takarkarin, ƙafar a rataye cikin zane. Duk inda muka sauka mutane suna ba mu ruwa da fura ba su tambayi addininmu ba.

Gidan likitan Nasara wani dogon gini ne, da mutane jere a jikin katanga tun kafin rana ta fito. Sojoji ake fara gani, sannan masu aikin Nasara, sannan wanda ya zo da mutumin sarki. Mu na ƙauye sai abin da ya rage. Kwana biyu muna zuwa ana rufe ƙofa a kan idonmu. Wata mata da ke kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, kin gai da tafinta kuwa?" Na ce na gaishe shi. Ta ce, "Da baki?" Rana ta uku na gaishe shi da goro, sai ga shi ya gan mu.

Masaukinmu kuwa shi ne abin da na fi tunawa da daɗi. Akwai 'yan masu bin Almasihu a Damagaram lokacin, ba su kai cikin zaure ba, su suka ba mu wuri. Ran Lahadi na ji mutum fiye da goma suna waƙa ɗaya da wadda muke yi mu huɗu a gindin tsamiya. Na rufe fuska da mayafi. Ashe muna da dangi. Da aka zo addu'a, tarina ya zo shi ma, bai ji kunyar baƙi ba.

Likitan saurayi ne, jajir, gumi yana ɗiga daga hancinsa. Ya danna ƙafar, ya sunsuna, ya yi magana mai tsawo. A ciki kalma ɗaya ce ta maƙale mini, don ya faɗe ta sau biyu yana sara gwiwar maigidana da gefen hannunsa: kupe. Na tambayi tafinta, ya ce, "Yankewa." Maigidana ya ce a gaya masa manomi ne shi. Likita ya ɗaga kafaɗa, ya ce zai gwada. Ya tsaga wuri biyu, ya fitar da ruɓaɓɓen kurkunun guntu-guntu, ya wanke da wani ruwa mai launin shuni. Kwana takwas ana wankewa kullum. Hannunsa ba taushi, amma bai taɓa toshe hanci ba, ni kuwa da nake matarsa na toshe. Allah ya saka masa, duk inda ƙasusuwansa suke.

Rana ta takwas kumburi ya sauka, sai ya kama yatsana ya ɗora a ƙasan gwiwa, ta ciki. Na ji abu kamar igiya a ƙarƙashin fata. Tafinta ya ce, "Ya ce wani ne, na biyu, yana hanya. Ya ce in wannan ya tsinke a cikin wannan ƙafar, babu sauran magana, kupe." Na ce to ya cire shi mana. Likita ya yi dariya, ya nuna kwalabensa, ya nuna mutanen da ke jikin katanga. Tafinta ya ce, "Ya ce duk kwalaben nan babu maganinsa, shi kuma ba shi da wata guda da zai zauna yana naɗe zare. Ku koma gida ku nemi tsohuwa mai haƙuri. Ya ce kowane gari akwai ɗaya." Ya ƙara da cewa daga ruwan tabki abin yake shiga, a riƙa tacewa da ƙyalle mai kauri. Wannan ban yarda da shi ba sai da na yi shekaru ina lura da gidajen masu shan rijiya.

A hanyar dawowa maigidana bai ambaci Tabawa ba ko sau ɗaya. Ni ce na yi ta lissafi ina jan takarkarin. Akwai wata tsohuwa a Ɗan Barto, na ce ko ita. Ya ce, "Ta makance bara." Na ce yanzu ai na koya, na san inda na yi kuskure. Sai da muka wuce ƙauye guda, sannan ya ce, "Yalwa, ƙafa ɗaya na iya zama da ita in Ubangiji ya so. Ke nake tausayi, da za ki riƙa ganina." Maganar nan ta fi sakiya zafi.

Mun tarar Yaya Mati ya kira gayya an nome mana rabin gona. Ya yi, Allah ya sani, kuma har ya mutu bai bar mu mun manta ba. Kwana biyu da isowarmu ƙurjin ya taso.

Na so in bari sai babu kowa. Amma kurkunu ba ya jiran mutuncin mutum. Da hantsi na zaga ta ƙofa, ban leƙa ta danga ba. Mata biyar na tarar suna surfe a tsakar gidan Tabawa. Taɓarya ta tsaya a sama. Na yi sallama, na durƙusa.

Tabawa ta ce, "Wa nake gani kamar Yalwa? Ko kaza ce ta tsallaka?"

Na ce, "Ƙafar maigidana ce."

"Na ji an ce gidanku akwai gwana."

"Gwanar ta tsinka."

"Ɗaga murya, ƙawa, kunnena ya tsufa cikin shekara bakwai."

Na ɗaga. Na ce, "Ni na ja, ni na tsinka. Na zo roƙo." Matan nan kowa ta sami abin dubawa a cikin turminta. Tabawa ta kakkaɓe hannu a zane, ta ce wa ɗaya daga cikinsu ta ƙarasa mata, ta wuce gabana. Tsinkenta ma yana soke a ɗankwalinta. Ta daɗe da shirya shi.

Aikinta ba irin nawa ba ne. Ta tsoma ƙafar a ruwan sanyi ta jira har kan ya fito da kansa. Ta shafa man shanu tun daga cinya tana matsowa a hankali. Ta ce bisimilla, maigidana ya yi tasa addu'ar, babu wanda ya hana wani. Ta juya sau ɗaya da rabi, ta tsaya, ta ɗaure.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Ba ja ake yi ba, karɓa ake yi. Abin da ya ba ki ki naɗe. In ya ƙi, ki ɗaure ki tafi dakanki, gobe ma rana ce."

Kwana ashirin da shida tana zuwa. Akwai ranar da bai ba da ko faɗin farce ba, ta ɗaure ta tashi kamar an ba ta riga. Ni ina gefe hannuna yana ƙaiƙayi, sai in zauna a kansa. Kullum ina kawo mata ruwa a ƙoƙo, kullum ta ce ta sha a gida. Wajen rana ta goma na kasa daurewa.

Na ce, "Akwai toka a murhu, in ita kike jira."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Na wanke, Yalwa. Uwar mijina tana tsaye a kaina, na ji tsoro na wanke. Sau uku. Ke kuma shekara bakwai kina wanke ni, har yau ban fita ba?"

Maigidana ya rufe ido kamar mai barci.

Rana ta ashirin da shida wutsiyar ta fito, 'yar lanƙwasa kamar ƙugiya. Tabawa ta warware shi a kan tabarma, ya fi kamu biyu, bai tsinke ko'ina ba. Ta ce, "Ɗankuza, tashi ka taka, ka daina cin tuwon banza." Ya taka. Gwiwar ba ta ƙara miƙewa sosai ba, saboda ɓarnar da na yi da fari, ya rayu shekara goma sha huɗu yana ɗingishi. Kowace safiya in na ga yana tafiya gona yana jan ƙafar nan, na san aikin wa nake kallo. Bai taɓa faɗa ba. A shekarar mun ci rabin gona, muka cika da rogo da tafasa. Na kai wa Tabawa zane, ta mayar, ta ce in ina son biya in riƙa amsa gaisuwa.

Ruwan gidana kuwa ba ta sha ba har ta mutu. Kada Saratu ta gyara wannan. Mun koma ƙawance, mun yi wa juna kitso, na yi jinyarta a ciwon ajalinta, amma ƙoƙona ba ta kai baki ba. Abin ya yi mini ciwo shekaru. Ina so ta sha, a gaban mata, in ga ta biya. Sai da furfura ta cika mini kai na lura cewa ja nake yi. Ta ba ni ƙafar mijina, ta ba ni safiya ashirin da shida, abin da ta iya bayarwa ke nan. Na naɗe, na ɗaure.

Lahadin da ta biyo fitar kurkunun muka zauna gindin tsamiya. Da aka zo wurin nan na addu'a, tarin ya taso har maƙogwaro, na haɗiye shi, na faɗi kalmomin. Muryata ta fito kamar ta baƙuwa. Maigidana bai ɗaga kai daga littafinsa ba, amma na ga yatsansa ya ɓata layi.

Masu jinyar kurkunu, ku tace ruwa, kada ku ɓoye mara lafiya a ɗaki, in kuma ya yi tauri ku saki tsinke. Wanda ya iya, ku je ku kira shi ko da kun yi faɗa.

Yanzu na tsufa, tsamiyar ma an sare ta, mai karanta mini littafin ya tafi, mai tsinken ta tafi. Kada a ɗauka na gama warkewa. Makon jiya wannan Saratun da ke rubutu ta ba da tukunyata ta gado aro ba ta tambaye ni ba, aka dawo da ita da tsaga. Ran Lahadi a majami'a tarin ya zo, a daidai wurinsa, bai manta hanya ba. Jama'a suka wuce, suka ce amin, suka fara tashi. Ni na zauna a kan bencina, na koma baya, na faɗi wurin ni kaɗai.